Kifin da Bai Ciji Kawu Isufu Ba

Tun da na dawo daga Guangzhou ban huta ba. A gidan biki, a gidan suna, har a wajen gaisuwar mutuwa, sai mace ta matso ta dafa gwiwata ta rage murya ta ce, "Balaraba, don girman Allah da gaske ne? Ke kin ga kifin da idonki?" Babu wadda ta taɓa tambayata yadda garin yake, ko me na ci, ko a ina na kwana. Kifi, kifi, kifi. To na gaji. Zan faɗi labarin sau ɗaya daga tushe, duk wadda ta sake tare ni in miƙa mata ta karanta. In ta ji zafin maganata ta yi haƙuri, ni ma da zafin nake kwana.

Ga wanda bai san ni ba, kayan yara nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Na daɗe ina saro a hannun masu zuwa China, su ci riba in ci ragowa. Kawu Isufu ƙanen Innarmu ne, a Maraɗi yake zaune, takalma yake sarowa, kuma ya yi ta zuwa Guangzhou har ya daina lissafi. Mutum ne mai barkwanci, mai jiki, wanda in zai yi dariya tumbinsa ke riga bakinsa. Shi ya ce wa maigidana, "Ka bar ɗiyata ta biyo ni wanga karo. Ga muharrami, ga ɗan jagora, mi kake so kuma?" Maigida ya amince.

Ranar da na je sallama, Inna ta riƙe hannuna ta ce abu ɗaya take roƙona: kada in kusanci teku. Jikokinta sun nuna mata bidiyo a waya, wai a can akwai wani ƙaton kifi da ake kira shak, haƙoransa kamar zarto, yana raba mutum biyu. Na ce, "Inna, kasuwa za ni, ba kamun kifi ba." Ta ce duk da haka. A kan hanyar Abuja kuwa ba ta ce komai ba, wannan ai tamu ce, mun saba da ita.

Daga Abuja jirginmu zai tashi, don haka muka shiga motar haya da safe. Direban hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya riƙe da waya a kunne, yana faɗa da wani a kan batir. Tayoyin gaba sun suɗe kamar kan mai sanƙo. Inda aka haɗe hanya saboda aiki sai ya fito zai wuce tirela biyu a jere, ga tanka tana tahowa tana ƙyafta mana fitila. Na ce, "Malam direba, don Allah ka rage gudu, iyali muka baro a gida." Ya kalle ni ta madubi ya yi murmushi. Wani fasinja a baya ya ce, "Hajiya, in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi." Mota ta ɗau dariya kamar na faɗi abin kunya.

Bayan mun wuce Zariya muka tarar da wata bas ta kife a gefen titi. An jera mutane a ƙasa an rufe su da zannuwa da ganye, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar kwalta. Direbanmu ya rage gudu daidai yadda kowa zai leƙa, aka yi salati, aka ce Allah ya jiƙan Musulmi, sannan ya sake take mota fiye da ɗazu. Na yi ta duba wayata har Abuja ko zan ga wani ya ba da labarin mutanen nan. Ban gani ba. Har yau ban san ko su waye ba.

Mun sauka Adis Ababa mun canja jirgi, sannan muka yi doguwar tafiyar da ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Tekun da Inna ke tsoro ta taga na hango shi, can ƙasa, kamar an shimfiɗa shuɗin yadi. Ganina da teku ke nan a duk tafiyar.

A filin jirgin Guangzhou akwai na'urar da ake ɗora yatsu ta ɗauki zanensu, kuma da ka sa fasfo sai ta yi maka magana da harshen ƙasarku. Ta yi wa Kawu Faransanci, ya ce mata "mersi" har da ɗan rusunawa. Ni kuwa na sha lalle na musamman saboda tafiya, baƙi da ja har wuyan hannu. Na'ura ta ƙi ni. Jami'ar wurin ta kama yatsana ta juya, ta sa takarda mai laima ta goge, ta duba takardar, ta kira wata, suka duƙufa a kan hannuna kamar likitoci. Da alama cuta suka ɗauka. Sai da na nuna musu hoton wata amarya a wayata da irin lallen sannan suka kwashe da dariya, aka sake gwadawa har na'urar ta haƙura ta karɓa.

A waje Nura ke jiranmu. Ɗan Kano ne, ya haura talatin, karatu ya kai shi ya zauna. Aikinsa raka 'yan kasuwa shaguna, ya yi musu tafinta, ya haɗa musu kaya zuwa kwantena. Ejan ake ce musu. Yana da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba: ya durƙusa ya gai da Kawu, ya karɓi jakata yana ta "Anti, sannu da hanya." Abu ɗaya na lura tun a mota, wayarsa ba ta sauka daga sama. Gada, bene, fuskarsa, komai sai ya ɗauka. Ya ce yana da mabiya a gida masu son ganin rayuwar China.

Masaukinmu wani ƙaramin otal ne a bayan titin Liuhua Lu. Ɗakina in zan shimfiɗa darduma sai na ɗora jaka a kan gado, gadon kuwa dakalin ƙofar gidanmu ya fi shi laushi. Banɗaki tsaf, amma babu buta, robar ruwa na mayar buta. Ruwan sha kuma duk inda ka nema da zafinsa za a ba ka, ko da rana tsaka ana zufa. Na tambayi Nura ko duk garin mura suke yi, ya ce a'a, a wurinsu ruwan sanyi ne cuta.

Abinci ya wahalar da ni da farko. Akwai shagunan Musulmin ƙasar masu farar hula, inda ake jan taliya da hannu a gabanka a zuba mata romon naman sa. Daɗi kam akwai, amma da tsinke biyu ake ci. Na yi ta fama, taliya na zamewa tana watsa mini romo a mayafi, har matar mai shagon ta ji tausayina ta nemo mini cokali mai yatsu. Abin da ya cece ni shi ne ɗakin Hajiya Memuna, wata 'yar Kumasi da ke tuƙa tuwo a saman wani bene. Ba allo ba alama, sai ka ƙwanƙwasa a leƙo. Ciki kuwa Kano ce da Maraɗi da Yamai a tabarma ɗaya, kowa da irin Hausarsa, ana shan miyar kuka ana musun kwantena.

Zhanxi Lu, inda Kawu ke sarin takalma, bene ne kan bene, takalmi har sai idonka ya yi yaji. Shisanhang kuma wajen tufafi ne, in ba ka yi sammako ba ka yi asara. Ba a gaisuwa. A gida sai ka tambayi gajiya da iyali kafin ka taɓa kaya, a can da ka tsaya za a miƙo maka kalkuleta. Ka danna, ta danna, ka girgiza kai, ta girgiza kai. Kalmomin da na koya ba yawa: "lawban," wato maigida, haka ake kiran duk mai shago, sai "meyo," wato babu, sai "shiyeshiye," na gode. "Meyo" ta fi yawa. Amma fa in sun ce gobe kaya za su iso, goben ce, ba irin goben telanmu ba.

Abin da ya tsorata ni tun ranar farko shi ne baburansu na lantarki. A Kano kafin abin hawa ya buge ka ya yi maka gargaɗi, ka ji salansa da hon da zagi. Waɗannan ba su da sauti ko kaɗan. Kana tafiya a gefen masu ƙafa sai ka ji iska ta kaɗa rigarka, ka ɗago ka ga mutum ya yi nisa da akwatin abinci a bayansa. Masu kai saƙon abinci ne suka fi yawa, Nura ya ce in sun makara ana yanke musu lada, shi ya sa suke gudu kamar an biyo su. Na ce wa Kawu, "Abubuwan nan za su kashe mutum." Ya ce, "Ke dai baƙuwa ce. Ni da na san garin ga kamar tahin hannuna?"

Ranar Juma'a bayan an sauko, Nura ya zaga da mu wani layi da ake sayar da busassun kayan teku. Tun daga nesa ƙarni ya tare mu. Cikin gilashi an jera wasu busassun fika-fikai kamar gwal. Nura ya ce na shak ne, miya ake yi da su a bikin masu hali. Na ce ashe a garin nan mutane ke cin kifin, ba shi ke cin su ba. A ƙofar wani shago an rataye busasshen muƙamuƙinsa, baki a wangale, haƙora layi-layi. Kawu da ba ya ganin abin wasa ya wuce, ya cire hula ya zura kansa ciki, ya zaro ido ya ɗaga hannu kamar mai neman ceto. Mai shago na dariya, muna dariya, Nura na ɗauka. Iyakar haɗuwar Kawu Isufu da kifin shak ke nan a duniya: matacce, busasshe, rataye da igiya.

Abin ya faru ranar Litinin da hantsi a Shisanhang. Mun fito daga wani bene, titi cike da masu tura kaya a amalanke. Kawu na gabana, ya juyo yana nuna mini ƙofar da za mu shiga, ya sauke ƙafa ɗaya daga dakalin titi. Ban ji komai ba. Na dai ga wani abu ya gifta, sai ƙara kamar an karya rake, sai ga Kawu a ƙasa, wani mai babur ɗin kai abinci ya kaɗe shi.

Ƙashin ƙwaurinsa ya karye, fata ta tsage, jini na bin kwalta yana haɗuwa da romon da ya zube daga akwatin mai babur. Shi mai babur ɗin ya durƙusa yana kuka yana ta magana, wayar da ke maƙale a kan babur ita ma tana ta magana, da alama tuna masa take ya makara. Na cire mayafina na ɗaure ƙafar. Kawu yana ta salati, can ya ce, "Balaraba, hulata." 'Yan sanda da motar asibiti sun zo da wuri, wannan kam na yaba musu.

A asibiti aka gyara ƙashin aka sa ƙarfe. Likitar mace ce, sai ta yi magana a waya wayar ta fassara. Ta nuna mini tambaya: tun yaushe yake da ciwon suga? Na juya na tambayi Kawu. Ya ce, "Ni? Lahiyata lau. Wa ya ce mata?" Jininsa ne ya ce mata. Ta ce sugan ya yi sama ƙwarai kuma ya daɗe a haka, ita karayar ba ta dame ta ba kamar raunin da ke kan fata, domin irin wannan jiki ba ya warkewa da wuri. Sai a sannan Kawu ya yarda ya daɗe yana yawan shan ruwa da yawan fitsari, ƙafafunsa kamar ana tsira musu allura, amma ya ɗauka zafin Maraɗi ne da girma. An ce ana kukan targaɗe sai ga karaya, mu kuwa kukan karayar muke sai ga abin da ya fi ta.

Nura ya zo dubiya da ledar lemo, ya yi tafinta, ya yi ta kai da kawo wajen 'yan sanda. Na ga ya ɗaga waya a bakin gado, na ɗauka 'yan uwa zai nuna wa.

Washegari wayata ta daina karɓar saƙon gida, domin a can sai da wata manhaja ake samun hanya, tawa kuma ta tsaya. Don haka ni ce ta ƙarshe da ta ji labarin da aka ce a gabana ya faru. Na je karɓo wa Kawu abinci wajen Hajiya Memuna, ina shiga ɗaki kowa ya zubo mini ido. Ta ja ni kicin ta ce, "'Yar uwa, kin ga wannan?" Ta miƙo mini waya.

Bidiyo ne: ga Kawu, kansa cikin bakin kifi, an yanke dariyar. Ga wani teku da ban san na wace ƙasa ba ne, ƙaton kifi na buɗe baki cikin ruwa. Ga ƙafar Kawu a naɗe, jini ya ɓullo ta bandeji. Ga gefen fuskata ina share hawaye. A ƙarƙashi ana kiɗa mai sa kuka, muryar Nura na cewa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, kifin shak ya far wa wani babban ɗan kasuwa ɗan Maraɗi a nan China. A taya shi da addu'a, a kuma tura wa wasu."

An tura kuwa. Da Hajiya Memuna ta gyara mini wayar, saƙonni suka rinƙa zubowa kamar ruwan ƙanƙara. Inna ta kira tana kuka har muryarta ta dishe: "Ban ce kada ku je teku ba? Ban ce ba?" Na rantse mata babur ne, ta ce ɓoye mata nake. Wani shafi ya ce ƙafa ɗaya kifin ya cinye, wani ya ce biyu, wani ya ce Alhaji ya rasu an rasa gawar. A Maraɗi har an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Sannan aka shiga kashi na biyu: me ya kai dattijo bakin teku inda ake yawo tsirara? Wace ce matar da ke kuka a gefensa? Wani mai wa'azin waya ya yi zama guda a kanmu, wai ishara ce ga 'yan kasuwar da ke fakewa da sari suna zuwa holewa. Ni, da ƙanen uwata. Maigidana ya san gaskiya, amma sai da ya daina zama majalisa saboda kallon da ake masa.

Wani ɗan jarida ya kira daga gida, murya cike da zumuɗi, ya ce za su sa ni kai tsaye a shirinsu. "Hajiya, yaya girman kifin? Ya kai mota?" Na ce, "Malam, babu kifi. Babur ne ya buge shi a kasuwa, kuma an gano yana da ciwon suga. In kana so in yi wa masu zuwa nan bayanin baburan nan, da amfanin gwada jini kafin tafiya, a shirye nake." Zumuɗin ya bar muryarsa. Can ya ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Za mu neme ki." Har yau yana nemana.

Na sami Nura a ofishin masu haɗa kaya, yana zaune kan kwali yana cin taliya. Ban yi sallama ba.

Na ce, "Nura, a wane tekun kifi ya ciji kawuna?"

Ya miƙe yana goge baki. "Anti, ki zauna mana a yi magana a hankali."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kai ka yi mana tafinta wajen 'yan sanda. Ka ga babur ɗin da idonka."

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu kunya a idonsa, sai mamakin yadda ban gane ba. Ya ce, "Anti, tsakani da Allah, in na ce babur ya buge Alhaji wa zai tsaya ya kalla? Babur fa. Yau kafin azahar mutum nawa ya buge a Kano? Bara wani ɗan Yamai ya yanke jiki ya faɗi a otal, hawan jini, ya rasu. Na sa hotonsa na nemi addu'a, ko mutanen layinsu ba su gama gani ba. Amma dubi wannan, duk ƙasar Hausa ana yi wa Alhaji addu'a. Ni a ganina taimako na yi."

Na ce, "Uwata ta kusa haukacewa, an yi wa mai rai zaman makoki, an mai da ni 'yar iska a bakin duniya, kai kuma taimako ka yi?"

"Wannan ba ni na faɗa ba, Anti. Mutane ne suka ƙara."

"Kai ka ƙyasta ashana a kan danga, yanzu kana ɗora wa iska laifi."

Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Mutanen ofishin suka taru, wani dattijo ɗan Damagaram ya ba ni haƙuri, ya kuma tilasta masa ya goge bidiyon ya yi na gyara a gabanmu. Ya yi. Waɗanda suka kalli gyaran ba su cika motar haya ba. Na farkon kuwa ya riga ya bar hannunsa, yana yawo a shafukan da bai san masu su ba. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, cikin rashin kunyar Nura akwai gaskiya: mu ne masu kallon. Kifin da yawancinmu ba za mu taɓa ganin ruwan da yake ciki ba shi ke hana mu sakat. Direba mai waya a kunne, da risho kusa da labule, da ciwon da ke cikin jininmu, waɗannan 'yan gida ne, mu kuwa ba ma tsoron ɗan gida.

Likita ta so Kawu ya zauna har raunin ya kame, ta ce za ta ba da shaida a ƙara masa kwanakin biza. Ya ƙi. Ya ce gida za shi, akwai mai ɗori a ƙauyensu da ya gaji abin kaka da kakanni. Na yi magiya, na yi kuka, na haɗa shi da Inna, a banza. Rabin kayana na sara na bar sauran. Muka dawo, shi a keken guragu, ni da jakar magunguna.

Ya wuce Maraɗi. Magani ya sha na ɗan lokaci ya ajiye, wai yana sa shi jiri. Mai ɗori ya kwance bandejin asibiti ya shafa nasa. Ba a daɗe ba aka kawo shi Kano kwance a bayan mota, ƙafar ta yi baƙi tana wari. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Ɗakin da aka kwantar da shi cike yake da waɗanda mota da babur da adaidaita suka karya, amma gadon Kawu kaɗai ke da layi. Mutanen da ba su san shi ba suna zuwa da lemo da ayaba, su gaishe shi idonsu na kan inda ƙafar ta ƙare. Yankan ma ya zama shaida: ga shi nan, kifi ya cinye. A gadon kusa akwai wani malamin makaranta da tirela ta bi ta kan ƙafafunsa a hanyar zuwa aiki. Matarsa kaɗai ke zuwa. Ina ji wata mai dubiya ta tambaye shi, "Kai ma kifin ne?" Ya ce, "A'a, mota ce." Ta ce, "Ayya," ta juya masa baya.

Bayan Sallah na je Maraɗi duba shi. Tun daga ƙofar gida na jiyo muryarsa a zaure. Zauren cike da maza, yana kan kujera da sanduna a gefe, ana dafa shayi a gabansa, yana cewa, "Sai na ga ruwa ya rabe biyu. Bakinai kamar ƙohwar garejin ga. Na ce Bisimillahi, na dunƙule hannu na ba shi a hanci."

Na yi sallama, aka ba ni hanya na wuce cikin gida. Da suka watse na fito na same shi shi kaɗai, da kofin shayi mai kauri a hannu, irin wanda suga ke kwanciya a gindinsa.

Na ce, "Kawu, har da kai?"

Ya kau da kai. Sannan ya ce, "Ɗiyata, na hwaɗa musu gaskiya har na gaji, ba su so. In na ce mai kai miya ya kaɗe ni, sai su yi dariya, su ce Alhaji ya tsuhwa bai iya tsallaka titi ba. In na ce suga, su ce kowa na da shi. Amma wanga..." Ya nuna tabarmin da mutane suka tashi a kai. "Ƙahwa ta tahi. Ki bar ni da kihina."

Tausayinsa ya kama ni, na kusa yin shiru. Sai idona ya sauka kan ƙafar da ta rage, a ɗore kan matashi. Babban yatsan ya fara canja launi a gefen farce.

Na ce, "Riƙe kifinka, Kawu, ka sa masa ƙaho ma in kana so. Amma ba zai taso daga teku ya zo Maraɗi ya ɗauki ɗayar ba. Mai ɗaukarta yana hannunka."

Na karɓe kofin, na fita ƙofar zaure na tuttule shi a ƙasa. Na kira matarsa na ce ta fito da magungunan nan duk inda aka cusa su, gobe da safe da ni za a je asibiti, kuma ba zan koma Kano ba sai likita ya ga yatsan nan.

Kawu ya bi shayin da kallo yana tsotsewa cikin rairayi. Ya ce, "Wallahi Balaraba, kin hi kihin mugunta."

Na ce, "Shi ai ba kawunsa ba ne kai."